Rasuwar Bajimi, Kan Jirgin Malam Mijinyawa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yau ba ta gama tafasa ba, Malam Mijinyawa mutumin Ƙauran Namoda, mai gadin wani rukunin gidaje a Madinat Khalifa ta Kudu, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, musamman 'yan Zauren Masu Jirgi na Sanaiya, rasuwar ƙaramin kan jirgin ƙasansa mai suna Bajimi. Marigayin ya cika ranar Juma'a, biyu ga watan Disamba na 2022, wajen ƙarfe shida da rabi na yamma, a ɗakin da ke saman wani gareji a Sanaiya, nan birnin Doha. Bai kwanta jinya ba, ba kuma tsufa ne ya ɗauke shi ba. Kashe shi aka yi, da mutum huɗu a ɗaki, talabijin yana ta ihu a bango.

Ga wanda bai san marigayin ba, tsawonsa da ƙyar ya kai kamu ɗaya, har da taragon kwal ɗinsa. Baƙi ne ƙirin, ƙafafunsa ja jawur. Jikinsa zubin ƙarfe ne, ba roba ba, in ka ɗaga shi sai ka ji kamar dutsen guga ka ɗauka. Wutar lantarki yake sha ta cikin layin dogon da yake takawa. In an ɗiga masa mai ɗigo biyu a bututu sai ya fitar da farin hayaki siriri, in kuma an danna wani maɓalli a akwatin tuƙi sai ya yi kuka, fuuu-fut, irin kukan da ke sa babban mutum ya ajiye cokali. Mutane da dama sun kira shi kayan wasan yara. Malam Mijinyawa ya yafe musu tun suna faɗa, domin bai ga amfanin jayayya da wanda bai taɓa durƙusawa ya sa ido daidai da layi, ya ga fitilar Bajimi tana fitowa daga kwana ba.

Ba a san shekarar haihuwarsa ba. Abin da aka sani shi ne, a farkon watan Maris na 2020, lokacin da korona ta fara rufe filayen jiragen sama, wani injiniya Bature da ke zaune a gidajen da Mijinyawa yake gadi ya tattara iyalinsa cikin gaggawa. Ya dire wani kwali a bakin get, ya nuna shi da ƙafa, ya nuna kwandon shara, ya shige mota. Mijinyawa ya buɗe kwalin. Sai ga layin dogo gutsi-gutsi, ga taragu, ga kan jirgi naɗe cikin tsohuwar riga. Mahaifin Mijinyawa ya yi shekara talatin da ɗaya yana aikin juya layi a tashar Ƙauran Namoda, inda dogo ya ƙare. Shi Mijinyawa bai riski jirgi mai kwal ba, a bakin tsoho kawai ya san shi, amma yana ganin wannan ya gane shi, yadda mutum ke gane ɗan garinsu a cikin taron baƙi. Ya zauna a dakalin get da kakinsa na aiki, ya rungume kwalin, har wata mota ta yi hon sau uku bai ɗaga mata sanda ba.

Da ya tashi aiki ya tafi da shi masaukinsu na ma'aikata a Sanaiya. Bayan 'yan kwanaki aka killace unguwar, daga titi na ɗaya har na talatin da biyu, ba shiga ba fita. Mutum takwas a ɗaki ɗaya, gado kan gado, soket biyu kacal. Wanda ya zauna a wurin ba sai an tuna masa ba. An fasa wa mutum kai da tukunya don ya yi tari bai rufe baki ba. An ciji kunnen wani a layin karɓar abinci, har sai da aka ɗinke. Wani bawan Allah ɗan Nepal ya riƙa buga goshinsa a bango kullum bayan azahar, har aka gaji da tashi a riƙe shi. Duk wannan lokaci marigayin yana kwance ƙarƙashin gadon Mijinyawa, ba ya motsi. An jona shi an sake jonawa, ko tari bai yi ba.

Wanda ya tashe shi shi ne Bawah, mutumin zangon Aboabo a Kumasi ta ƙasar Ghana, rewaya, wato mai gyaran wayoyin mota, wanda ɗakinsa ke kallon nasu. Ya leƙo aron caja, ya tarar da Mijinyawa yana goge ƙafafun jirgin da burushin haƙori. Ya karɓa, ya kai kunne, ya girgiza, ya ce da Hausarsu ta zango, inda masa ke nufin maigida, "Masa, wannan bai mutu ba. Barci yake yi." Kwana tara ya yi a kansa. Kayan aikinsa duk suna gareji a bayan shinge, don haka ƙusa ya riƙa gasawa a risho yana narka dalma da ita, ya fasa tsohon batir ya feƙe gawayin cikinsa ya sa wa injin. Yatsun Bawah kauri gare su kamar rogo, amma suna shiga inda allura take shakka.

Rana ta goma aka shimfiɗa layi a zagaye a tsakar ɗaki, aka jona a soket ɗaya. Soket ɗin da ya rage kuwa, mutum biyu suka kaure da faɗa a kansa, har ɗaya ya naɗe wa ɗaya wayar butar shayi a wuya yana ja, idanun na ƙasa sun firfito. Bawah ko ɗaga kai bai yi ba, ya murɗa maɓalli. Bajimi ya yi cak, ya yi shiru, sannan ya ja jiki, cuku, cuku, cuku-cuku-cuku, ya bi ta tsakanin takalma ya wuce dab da kan wanda ake shaƙewa. Mai shaƙewar ya sassauta hannu don ya ga wucewarsa. Na ƙasa ma, da wayar a wuyansa, ya juya kai yana kallo. Har aka kira la'asar jirgin yana zagaye, mutum goma sha ɗaya a tsugune suna kallo.

Da aka buɗe Sanaiya, mai garejin da Bawah yake wa aiki ya ba su wani ɗaki a sama inda ake jibge tsofaffin tayoyi. A nan Zauren Masu Jirgi ya kafu. Mutane suna zuwa suna tafiya, amma ginshiƙan huɗu ne. Ban da Mijinyawa da Bawah akwai Ɗalhatu, Bakano, direban bas ɗin ma'aikata, wanda bakinsa ya fi hon ɗin motarsa ƙara. Akwai kuma Yusif, mutumin Tamale, direban wata gona a Umm Salal, mai shiru-shiru, mai hannun sassaƙa. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci sai su hau sama da shinkafa da shayin karak, su cire rigunansu na fita su rataye, su duƙufa.

Cikin shekara biyu suka gina ƙasa guda a kan tebur mai tsawon ƙofa biyu. Da tsohuwar jarida da ragowar siminti suka tada duwatsu. Soson wanka suka rina kore suka yi bishiyoyi. Yashi suka tankaɗe da rariya suka zuba tsakanin layi. Ragowar man wanke hannu na zamanin korona ya zama na goge dogo, kuma an yi Juma'a uku ana gardamar ko yana cinye ƙarfe ko ba ya ci. Da aka zo sa wa tasha suna, Mijinyawa ya ce Ƙauran Namoda, Bawah ya ce Kumasi, aka yi wata guda ba a daidaita ba, daga ƙarshe aka gina biyu, tsakaninsu kamu uku da gada ɗaya. Yusif ya sassaƙa mutane da sabulu, kowane bai kai ƙwayar wake tsawo ba: mai rake, mai dafaffen ƙwai, mata masu wake da shinkafa a tashar Kumasi. A tashar Ƙaura, bakin mahaɗar layi, ya sassaƙa wani dattijo mai hula riƙe da jar tuta, ya kafa shi bai gaya wa kowa ba. Ranar da Mijinyawa ya lura da shi, sai da ya fita baranda ya daɗe.

Ɗalhatu yana da nasa kan jirgin, ɗan zamani mai rawaya, kuma shi gudu kawai ya sani. Kullum maganarsa ɗaya ce: "Haba Malam, ka ƙara wa tsohon nan wuta mana, tafiyar nan kamar ta mai ciwon baya." Mijinyawa ya kan amsa ba tare da ya ɗaga kai ba, "Jirgin da ke gudu irin naka ɓera ne." Sai a yi dariya, Bawah ya goyi bayan wanda ya zuba masa shayi a ranar. Haka ake hira, daga mai zuwa dalma, daga dalma zuwa labarin gida, har a kira magariba.

Marigayin ya kasance mai haƙuri da riƙon amana. Bai taɓa makara ba, bai taɓa neman hutu ba, bai taɓa jiran kafil, wato ubangidan aiki, ya sa masa hannu kafin ya yi tafiya ba. Ya ja tarago bakwai ya hau da su tudun gada bai yi ƙorafi ba. Ya kuma sha wuya a rayuwa. Tun ana killace, shugaban masauki ya shigo dubawa ya ce ana ɓarnar wuta, ya sa takalmi ya yi ƙwallo da shi har ya bugi ƙafar gado, fitilarsa ta tarwatse. Bawah ya ciro wani ɗan ƙwan fitila daga dashbod ɗin matacciyar tasi ya dasa masa, ya ci gaba da aiki. Kuma duk ranar Juma'a Mijinyawa ya kan kira gida, a kai wa mahaifinsa waya, tsohon da idanunsa suka rufe shekara shida ke nan. Sai a kara wayar kusa da layi. Tsohon ya riƙa sauraron ƙat-ƙat, ƙat-ƙat na ƙafafu a kan mahaɗa, ya gane lokacin da jirgin yake hawa da lokacin da yake gangara, ya ba da umarni a rage wuta kafin tasha, a kuma rage.

Ajali ya fara sansano shi tun watan Maris na bana, ranar da Ghana ta hana Najeriya zuwa gasar cin kofin duniya, a Abuja kuwa. Juma'ar da ta biyo, Bawah ya liƙa wa Bajimi 'yar tutar Ghana a goshi, ya sa shi zagaye yana kuka duk sanda ya wuce gaban Ɗalhatu. Kowa ya yi dariya, har da Mijinyawa. Ɗalhatu ma ya yi, amma tasa ba ta wuce haƙora ba. Wata takwas ya yi yana ajiye da abin. Da gasar ta iso nan Doha, gari ya cika da baƙi da tutoci, aikin bas ya ninka, gadi ya ninka, kowa barcinsa ya ragu, zuciya ta matso kusa.

Ranar da abin ya faru, Ghana za ta kara da Uruguay, wadda suke da tsohuwar gaba da ita. Bawah bai samu tikitin shiga fili ba, sai Yusif ya kawo talabijin aka rataye a bangon Zaure. Mijinyawa ya so a kashe wuta a lulluɓe teburin da zani. Bawah ya ce a bar Bajimi ya yi ta zagaye, sa'a ce. Ɗalhatu kuwa da shuɗiyar riga ya zo, launin 'yan Uruguay, ya ja kujera ya zauna kusa da akwatin tuƙi.

Aka ba Ghana fanareti. Bawah ya miƙe tsaye ya ɗora hannu biyu a ka. Aka buga, mai tsaron raga ya tare. Ɗakin ya yi tsit. Cikin wannan shirun Ɗalhatu ya miƙa yatsa ya danna maɓalli. Fuuu-fut. Marigayin ba ya ƙin umarni, ko daga hannun wa ya fito.

Bawah ya juyo a hankali ya ce, "Masa, kar ka sake."

Ba a yi minti biyar ba aka zura wa Ghana ƙwallo. Fuuu-fut. Yusif ya kama bayan rigar Bawah ya riƙe. Kafin numfashi ya daidaita aka zura ta biyu. Wannan karon Ɗalhatu ya danna bai saki ba, fuuuuuuu, yana ƙyalƙyala dariya yana cewa, "Jirgin Kumasi ya iso! A tattara kaya, a koma gida!"

Kofin shayi ne ya fara tashi, daga hannun Bawah. Na gilashi ne, ya fashe a girar Ɗalhatu, jini ya rufe masa ido ɗaya. Ɗalhatu ya ɗaga kujerar ƙarfen da yake kai ya kwaɗa wa Bawah a kafaɗa, har aka ji ƙarar a ƙasan gareji. Bawah ya sunkuya ya sure shi ta ƙugu, ya ɗaga shi sama kamar buhu, ya maka shi a tsakiyar tebur. Ƙafafun teburin biyu suka karye lokaci ɗaya. Dutsen siminti ya dare gida biyu, gada ta ruguje, taragu suka watse kamar an zubar da gyaɗa, layin dogo ya tsinke yana tartsatsi. Suka gangara ƙasa cikin tarkacen, Bawah a sama, hannunsa na dama a maƙogwaron Ɗalhatu, yana buga ƙeyarsa da siminti. Yusif ya shiga tsakani, aka wurgar da shi cikin tayoyi. Mijinyawa ya kamo Bawah ta baya yana kiran sunansa, gwiwar hannu ta dawo masa a baki, haƙori ɗaya ya karye, ya zube a kan gwiwoyinsa yana tofar da jini.

Daga nan inda ya zube ya ga abu biyu. Ya ga tashar Ƙauran Namoda a ƙarƙashin gwiwar Bawah ta zama fayau, dattijon sabulun nan mai jar tuta ya niƙe ya zama farin gari. Ya kuma ga Bajimi kwance a gefe ɗaya dab da hannunsa, fitilarsa a mace don ya rabu da layi, amma ko ƙwarzane babu a jikinsa.

A nan ya zama dole wannan sanarwa ta faɗi abin da mai ita ya yi kwana goma sha ɗaya yana haɗiyewa. A Sanaiya ana cewa tebur ne ya danne marigayin. Wasu sun ce Ɗalhatu ne ya faɗa kansa, wasu sun ce Bawah ne ya taka shi. Ko ɗaya ba haka ba ne. Malam Mijinyawa, mutumin da ya yi shekara tara yana gadi a ƙasar nan bai taɓa ɗaga wa kowa hannu ba, shi ne ya ɗauki Bajimi ta wajen bututu, ya ɗaga shi sama da kansa, ya sauke shi a bayan hannun Bawah.

Dukan farko yana da uzuri, domin harshen Ɗalhatu ya riga ya fito, ƙafafunsa sun daina shure-shure. Da dukan farko hannun ya saki. Bawah ya yi ƙara ya mirgina gefe, ya dafa siminti da hannun don ya tashi. Na biyu ba shi da uzuri. Na uku ma haka. Hannun yana shimfiɗe a ƙasa, ba ya riƙe da wuyan kowa, Mijinyawa ya bi shi ya sake saukewa, ya kuma sake, da dukkan ƙarfin kafaɗarsa, yana jin ƙashi yana ba da amsa a ƙarƙashin ƙarfe. A duka na uku jikin marigayin ya tsage tun daga bututu har ɗakin direba, ƙafafunsa suka bi ƙasa suna mirgina. Sautinsa na ƙarshe ba kuka ba ne. Ƙas kawai ya yi.

Mai sharhin ƙwallo yana ta surutu shi kaɗai. Bawah bai yi zagi ba. Ya ɗaga hannun ya duba, yatsu biyu sun kalli inda yatsu ba sa kallo, sannan ya dubi Mijinyawa. Mijinyawa yana durƙushe da rabin jirgi a hannu, jini da farin gari a rigarsa, bakinsa yana motsi, abin da ya iya fitowa kawai shi ne, "Mi na yi?"

Yusif ne ya naɗe hannun da tawul. Ɗalhatu, da tsumma a gira, muryarsa a shaƙe, shi ya tuƙa su asibiti da bas ɗinsa. Duk wanda ke aiki a ƙasar nan ya san abin da kalmar faɗa take jawowa in ta shiga takarda: 'yan sanda, ɗaki mai ƙarfe, sannan jirgin sama zuwa gida, ba dawowa. Ma'aikacin asibitin ya dubi hannun, ya dubi girar Ɗalhatu, ya dubi bakin Mijinyawa, ya ajiye biro ya tambayi yadda aka yi. Mijinyawa ya buɗe baki zai yi magana. Bawah ya riga shi. Ya ce jak ne ya zame a gareji, mota ta sauko masa a hannu, waɗannan biyun kuma garin ciro shi suka ji ciwo. Aka maimaita tambayar, ya maimaita amsar, idonsa a bango.

Ƙashi uku ne suka karye. An yi masa aiki an sa ƙarafa. Likita ya ce wata uku kafin ya riƙe sukundireba, kuma bai yi alkawarin manuniya za ta sake lanƙwasa ba. Mai gareji ya ce shi ba ya ajiye rewaya marar hannu, in mako biyu suka wuce motoci suna jira, khalas, shi ke nan, zai nemo wani. Bawah yana da mata, Alimatu, da 'ya'ya huɗu a Aboabo, kuma wannan hannun ne yake ciyar da su.

Saboda haka Mijinyawa ya roƙi a canza masa lokacin aiki, aka canza. Tun ranar Talatar da ta biyo, kullum da sassafe yana gareji. Bawah yana zaune a kan jarka, hannu a rataye a wuya, yana ba da umarni, Mijinyawa yana cikin bonet yana zama masa yatsu. Ja jar wayar. Ba wannan ba, ta ƙasa. Riƙe. Yanke. Sau biyu wuta ta ja shi, sau ɗaya ya ƙone fis ɗin wata motar ɗaukar kaya, amma motoci suna fita, mai gareji ya daina zancen mako biyu. Ban da umarnin aiki, Bawah bai ce masa komai ba. Gaisuwa ya kan amsa, don ta Musulunci ce. Mijinyawa ya nemi gafara ranar farko, ya nema rana ta biyu, Bawah ya ce masa ya miƙo filaya.

Ranar Asabar da ta wuce, bayan an tashi, Mijinyawa ya ajiye masa ragowar marigayin a kan benci cikin leda. Bawah ya daɗe yana kallo. Sannan ya zazzage, ya riƙa juya gutsattsarin da hannun hagu ɗaya bayan ɗaya. Ƙashin bayan jirgin ya lanƙwashe. Injin ya fashe, wayar cikinsa ta warware kamar gashi. Sandunan da ke haɗa ƙafafu sun kakkarye, ƙafa biyu ba a gan su ba har yau. Ya kai abin da ya rage kunne, ya girgiza, ya ajiye. Ya ce, "Wannan ya tafi, masa. Ko hannuna biyu lafiya, ba ya tashi." Sannan ya ƙara, "Kar ka zuba shi a bola. Ni na san wahalar da na sha a kansa." Wannan ita ce maganar farko da ba ta mota ba da ta shiga tsakaninsu, kuma a kanta aka tsayar da shawarar binne shi.

Marigayin ya rasu ya bar taragon kwal ɗaya, wanda ya fita ba rauni. Ya bar taragun fasinja huɗu, ɗaya ba rufi, da na kaya uku. Ya bar abokin zamansa mai rawaya, na Ɗalhatu, wanda mai shi ya sa a kwali ya ce ba zai sake ɗora shi a layi ba sai ranar da Bawah ya ce a ɗora. Ya bar tashar Kumasi tsaye da matanta masu wake da shinkafa, ba jirgin da zai zo musu. Ya bar layin dogo kamu goma sha tara, rabi a murɗe. Ya kuma bar wani tsoho makaho a Ƙauran Namoda, wanda aka ce masa ranar Juma'ar da ta wuce wai wuta ce aka ɗauke. Tsohon ya ce bai taɓa jin ana ɗauke wuta a ƙasar Larabawa ba. Mijinyawa ya yi niyyar gaya masa gaskiya da bakinsa, duka, har da na biyu da na uku, kuma yana roƙon 'yan garinsu da wannan takarda za ta riska kada wani ya riga shi.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a mai zuwa, goma sha shida ga Disamba, bayan an sauko daga masallaci, a gonar da Yusif yake aiki a Umm Salal, gindin magaryar da ke bayan tankin ruwa. Mai gonar ya ba da izini, bayan an yi masa bayani sau biyu. Ba za a yi salla ba, ƙarfe ne, kada wani ya je ya ce an yi wasa da addini. An naɗe shi cikin farin ƙyalle, an sa a kwalin dabino. Bas ɗin Ɗalhatu zai tashi daga ƙofar gareji ƙarfe ɗaya da rabi, akwai wurin mutum talatin, ba zai jira kowa ba. Kada kowa ya zo da rigar ƙwallo, ta kowace ƙasa ce. Kada a tambayi Ɗalhatu labarin girarsa. Mai son yin ta'aziyya kada ya nufi Malam Mijinyawa da ita, bai cancanta ba. Ya kai ta ɗakin Bawah, ya tafi da abinci mai laushi wanda ake ci da cokali.

Mijinyawa ne zai haƙa ramin shi kaɗai, ya roƙi kada a karɓe shi. Yusif zai saka kwalin. Bawah ne zai fara zuba ƙasa, haka ya nema, aka kuma amince. Da hagu zai zuba. Duk wanda ya gani ya kama bakinsa.